RA'AYINMU: Baƙuntar Da Ba Ta Ƙarewa

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, wato da zarar rana ta ɗaga sai a neme shi a rasa. To amma a Kafanchan da sauran garuruwan Kudancin Kaduna akwai wata irin baƙunta da rana ba ta busar da ita. An haifi mutum a nan, an haifi ubansa a nan, kabarin kakansa yana bayan gari, yana biyan haraji a nan, yana jefa ƙuri'a a nan, amma ranar da ɗansa zai nemi gurbin karatu, ko tallafin karatu, ko aikin soja, ko na ɗan sanda, sai a tambaye shi takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, wadda jama'a suka fi sani da takardar indijin. Daga wannan rana ya koma baƙo, kuma haka 'ya'yansa da jikokinsa za su gaji wannan suna kamar yadda ake gadon gona.

Mun ga ya dace mu sake ɗauko wannan magana a wannan fitowa saboda dalili na zahiri. A shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa jami'ar tarayya a Kachia da kuma cibiyar kiwon lafiya ta tarayya a Kafanchan. Wannan abin farin ciki ne ga kowa da kowa, domin yankin ya daɗe yana kukan an bar shi a baya. Sai dai duk wata ma'aikata ta tarayya tana ɗaukar ma'aikata ne bisa tsarin rabon gurabe tsakanin jihohi, kuma abin da ake dubawa a wannan tsari shi ne waccan takarda. Don haka tambayar wane ne ɗan gari, wane ne baƙo, za ta ci gaba da biyo mu har ƙofar ofis da ƙofar aji, kuma gara mu tattauna ta cikin natsuwa tun kafin masu neman abin faɗa su riga mu.

Idan ba a manta ba, garin Kafanchan kamar yadda muka san shi a yau jirgin ƙasa ne ya raya shi. A 1927 ne layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya haɗe da na Kaduna ta nan, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos. Wannan mahaɗa ce ta jawo leburori da makanikai da akawuna da 'yan kasuwa daga ko'ina: Hausawa, Fulani, Ibo, Yarabawa, Nufawa, Tibi da sauransu. A 1933 kuma aka dawo da fadar Sarkin Jama'a cikin garin, masarautar da ta kafu tun farkon ƙarni na 19 a ƙarƙashin Zazzau. Sai dai ba fili ne maras mai shi aka tarar ba. Mutanen Fantswam suna nan, kuma daga sunansu ne ma aka sami sunan Kafanchan. Kaninkon da Bajju da Kagoro da Kagoma duk suna kewaye da wurin da gonakinsu da wuraren ibadarsu. Duk wanda zai ba da tarihin garin nan ya tsallake ɗaya daga cikin waɗannan ɓangarori biyu, to ya faɗi rabin gaskiya ne kawai, kuma rabin gaskiya ita ce ta fi saurin tayar da fitina a ƙasar nan.

Wajibi ne mai neman a fahimce shi ya fara fahimtar maƙwabcinsa. Ƙabilun wannan yanki sun yi shekaru masu yawa suna neman abu guda, wato a san da zamansu. Suna riƙe da tarihin hare-haren kamun bayi na kafin zuwan Turawa, da na harajin da aka riƙa karɓa a hannunsu, da na hakiman da aka riƙa turo musu daga Zariya waɗanda ba su jin yarensu, ba su bin addininsu, a ƙarƙashin mulkin En'e da Turawa suka ɗaure wa gindi. Irin wannan kuka na ƙananan ƙabilu ne ya sa Turawa suka kafa Hukumar Willink a 1957, dab da samun 'yancin kai. Ba a share musu hawaye da wuri ba. Sai a 1995, zamanin Kanar Lawal Ja'afaru Isa, aka ba Atyap da Bajju masarautunsu, sannan a 2001 Gwamna Ahmed Muhammad Makarfi ya ƙirƙiro ƙarin masarautu, ciki har da ta Fantswam. Wannan mujalla tana ganin waɗannan matakai a matsayin adalci, domin al'ummar da ke da harshenta da al'adunta ta cancanci ta sami shugaban da ya fito daga cikinta.

Abin da muke jawo hankali a kai shi ne, girmamawa iri biyu ce, kuma cakuɗa su wuri guda ne ya jefa mu cikin halin da muke ciki. Akwai girmamawa ta tarihi da al'ada: a san cewa wannan ƙabila ce ta fara zama a wuri kaza, a mutunta sarautarta, da bukukuwanta, da harshenta, da kushewar kakanninta. Wannan ta masu ita ce, ba ma takara da kowa a kanta. Babu wani ɗan ƙungiyarmu da ke neman kujerar Agwam Fantswam ko ta Agwatyap ko ta Agwam Bajju. Akwai kuma girmamawa ta zama ɗan Najeriya: haƙƙin yaro ya shiga makarantar gwamnati ya biya kuɗin da kowa ke biya, haƙƙin matashi ya nemi aiki a duba cancantarsa, haƙƙin magidanci ya mallaki filin da ya saya da halaliyarsa, ya tsaya takara, jami'an tsaro su kare shi idan dare ya yi. Wannan ta biyun ba ta da alaƙa da wanda ya riga wani zuwa. Takardar indijin ta ɗauki iyakar da ta dace da ta farko ta kafa ta a bakin ƙofar ta biyu, shi ya sa duk wanda aka ce masa baƙo yake jin an kore shi daga ƙasa baki ɗaya, duk wanda kuma aka ce masa baƙo zai sami takarda yake jin za a ƙwace masa gadon gidansu.

Tushen matsalar yana cikin Kundin Tsarin Mulki na 1999 shi kansa, domin yana magana da baki biyu. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin ya zauna a duk inda ya ga dama a Najeriya. Sashe na 42 ya hana a nuna wa mutum bambanci saboda ƙabilarsa, ko wurin da ya fito, ko jinsinsa, ko addininsa, ko ra'ayinsa na siyasa. Sashe na 43 ya ba shi damar mallakar fili ko gida a ko'ina. Sashe na 15 ma ya ɗora wa gwamnati nauyin tabbatar wa kowa cikakken haƙƙin zama a kowane sashe na tarayya, sai dai wannan yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6 ya ce ba a kai ƙara kotu a kansa. A ɗaya hannun kuma, sashe na 14 ya kafa tsarin rabon muƙamai tsakanin jihohi, wanda aka gado daga kundin 1979, sashe na 147 ya ce dole a naɗa minista daga kowace jiha kuma ya kasance ɗan asalin jihar, sannan sashe na 318 ya fassara zama ɗan jiha da cewa sai uba ko uwa ko kaka sun fito daga wata al'umma ta asalin jihar. Kundin bai faɗi wace al'umma ce ta asali ba, bai kuma faɗi daga wace shekara za a fara ƙirga asalin ba.

Wannan giɓi ne ya bar hukunci a hannun ƙananan hukumomi. Ƙa'idojin hukumar tabbatar da daidaito wajen rabon muƙamai ta tarayya, wadda aka kafa da dokar soja a 1996, sun ce ɗan asalin ƙaramar hukuma shi ne wanda iyayensa ko kakanninsa 'yan asalin wurin ne, ko kuma wanda ƙaramar hukumar ta karɓa a matsayin nata. Ke nan a aikace, sa hannun mai unguwa da dagaci da hakimi da shugaban ƙaramar hukuma ne ke yanke wa yaro makomarsa. Inda aka yi dace da mutumin kirki sai a sami takarda, inda aka canza shugaba sai ƙa'ida ta canza. Mai kuɗi yana iya sayen takarda a inda bai taɓa kwana ba, talakan da aka binne cibiyarsa a gari kuma ya rasa. Idan aka ce masa ya koma garin kakanninsa ya karɓo, can ma ba wanda ya san shi, domin kakan ya baro garin tun zamanin da ake shimfiɗa layin dogo. Haka ƙa'idojin suka bar matar aure da jihar iyayenta, ko da ta yi shekara arba'in a gidan mijinta. Ƙungiyar Human Rights Watch ta yi cikakken rahoto a kan wannan wariya a watan Afrilu na 2006, kuma Jihar Kaduna na cikin jihohin da ta bincika. Shekaru sun shuɗe, dokar tana nan yadda take.

Mun ga abin da wannan rabe-rabe ya haifar da idanunmu. A watan Maris na 1987 rikici ya tashi tsakanin ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, kafin a ankara wutar ta kai Zariya da Kaduna da Funtuwa da Katsina. A watan Fabrairu na 1992 batun sauya wa kasuwa mazauni ya haddasa faɗa a Zangon Kataf, garin da Hausawa suka zauna a cikinsa tun zamanin fatake, da daɗewa kafin zuwan Turawa, a tsakiyar ƙasar Atyap. A watan Mayu na shekarar faɗan ya dawo da muni fiye da na farko, aka yi asarar ɗaruruwan rayuka, ya kuma bazu har Kaduna da Zariya. A watan Mayu na 1999 Kafanchan ta sake kamawa a lokacin da aka shirya miƙa sandar girma ga sabon Sarkin Jama'a. A watan Afrilu na 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, an kashe mutane fiye da 800 a Arewa a ƙididdigar Human Rights Watch, mafi yawansu a Kudancin Kaduna, musamman Zonkwa da Matsirga da Kafanchan, aka kuma ƙone babbar kasuwar garin nan. Daga 2016 zuwa shekarun da suka biyo baya, ƙauyuka irin su Godogodo da Goska da wasu da dama a Kaura da Zangon Kataf sun sha hare-haren 'yan bindiga, aka kashe mata da yara a cikin gidajensu. Duk waɗannan rayuka darajarsu ɗaya ce a wurinmu, kuma muna Allah wadai da wanda ya ɗauke su ko daga wane ɓangare ya fito.

Ba mu ce takarda ce kaɗai ta jawo waɗannan masifu ba. Akwai rikicin gona da kiwo, akwai talauci da zaman banza, akwai 'yan siyasa masu cin riba da jini, akwai kuma rashin hukunta masu laifi duk da tarin kwamitocin bincike tun daga na Donli a 1987 da na Cudjoe a 1992 har zuwa na Shaikh Ahmad Lemu a 2011. Amma idan aka duba da kyau, a ƙarƙashin kowane rikici za a tarar da tambaya guda: garin na wane ne? Kasuwa, sarauta, kujerar shugaban ƙaramar hukuma, duk sun zama abin a mutu ko a yi rai ne saboda kowa ya san wanda ya riƙe su shi ne zai ce wane ɗan gida ne, wane kuma ɗan kama-wuri-zauna. Da a ce haƙƙin mutum bai rataya a kan wanda ke bisa kujera ba, da rabin zafin takarar ya ragu. Haka abin ya kasance a Jos a 1994 da 2001, inda naɗin mutum ɗaya a muƙami ya isa ya tayar da gari. Sakamakonsa kuma kowa na gani a birnin Kaduna tun bayan rikicin shekarar 2000, inda kogi ya zama kamar kan iyaka, akasarin Musulmi a arewa, akasarin Kirista a kudu, yara suna tashi ba su san juna ba sai a labarin da ake ba su na ban tsoro.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Mutumin Bajju ko Ham da aka haifa a Sabon Garin Kano, ko a Sakkwato, ko a Legas, shi ma idan ya nemi takarda ce masa za a yi ya koma Zonkwa ko Kwoi. Ibo da Bayarabe da kakanninsu suka zo aikin reluwe suna cikin wannan hali a Zariya kamar yadda suke ciki a Kafanchan. Don haka abin da muke nema a nan, muna nema wa kowa a ko'ina, kuma da mudu ɗaya za a auna. Wanda ya goyi bayan a ba Bahaushen Kafanchan haƙƙinsa, ya wajaba ya goyi bayan a ba Kiristan Kudancin Kaduna da ke zaune a Kano ko Katsina nasa, har da filin gina wurin ibada da gurbin karatun 'ya'yansa. Tarihi ya nuna cewa makamin asali ba ya da uban gida. A watan Janairu na 1980 an ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno, aka tsallaka da shi Chadi da sunan ba ɗan Najeriya ba ne, sai da kotu ta dawo masa da 'yancinsa. A ƙasar Kwaddebuwa, aƙidar tantance ɗan ƙasa na ainihi da aka yi amfani da ita wajen hana Alassane Ouattara takara tana cikin abubuwan da suka kai ƙasar ga yaƙin basasa a 2002.

Muna sane da fargabar maƙwabtanmu, kuma ba ma raina ta. Suna cewa su 'yan tsiraru ne a jiha, idan aka buɗe ƙofa ga duk wanda ya zo, masu yawa da masu kuɗi za su mamaye 'yan guraben da suka rage musu, filayensu su salwanta, harshensu ya ɓace. Irin wannan fargaba ce ta sa ƙudurin da Mataimakin Kakakin Majalisar Wakilai Benjamin Kalu ya gabatar, wanda zai ba mutum matsayin ɗan jiha bayan zaman shekara goma, ya sha suka har ya janye shi a 2025. Amsarmu ita ce a raba abubuwa biyun da muka ambata a cikin doka. A rubuta ƙarara cewa sarautun gargajiya da filayen gado da wuraren al'ada suna hannun masu su, babu wanda zai taɓa su da sunan daɗewa a gari. Sannan a rubuta cewa makaranta da asibiti da aikin gwamnati da tsaro na duk wanda aka haifa a wuri ne, ko ya zauna tsawon shekarun da doka ta ƙayyade yana biyan haraji. Idan ana son a tallafa wa yankin da aka bari a baya, a tallafa masa a matsayin yanki, kowane yaro da ya yi firamare da sakandare a cikinsa ya amfana.

Ba daga sama za a fara ba, domin akwai tubalin da aka riga aka aza. A ranar 23 ga Maris, 2016, wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomin Jama'a da Kachia da Kaura da Sanga da Zangon Kataf sun sa hannu a kan Yarjejeniyar Zaman Lafiya ta Kafanchan. A watan Agusta na 2020 Atyap da Hausawa da Fulani sun zauna a ƙarƙashin jagorancin Agwatyap suka ƙulla tasu. Gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i, wadda ta yi mulki daga 2015 zuwa 2023, ta bayyana soke bambanci tsakanin ɗan asali da baƙo, ta kuma kafa hukumar rajistar mazauna jiha. Sai dai sanarwar gwamna ɗaya ba ta canza fom ɗin shiga soja ko na ma'aikatun tarayya, kuma abin da ba a kafa shi da yardar jama'a ba yana iya tafiya tare da wanda ya kawo shi.

Saboda haka muna kira ga Majalisar Dokoki ta Ƙasa da ta gyara sashe na 318 da sauran sassan da suka danganci asali, ta kuma mayar da haƙƙin zama abin da mutum zai iya neman sa a gaban alƙali. Muna kira ga Gwamna Uba Sani da Majalisar Dokokin Jihar Kaduna da su fitar da ƙa'ida guda, a rubuce, wadda dukkan ƙananan hukumomi 23 za su bi wajen bayar da takardar shaida, a manna ta a bango kowa ya karanta, a kuma tanadi inda wanda aka hana zai ɗaukaka ƙara. Muna roƙon iyayenmu sarakuna, da malamai da limaman coci, da su riƙa tuna wa mabiyansu abin da aka sa wa hannu a 2016, kada takardar ta tsaya a cikin durowa.

Ku kuma 'yan uwa membobin wannan ƙungiya, akwai aikin da ke kanmu wanda ba sai an jira majalisa ba. Kowa ya yi wa ɗansa rajistar haihuwa a hukumar ƙidaya, ya adana rasiɗin haraji da takardun fili da na makaranta, domin su ne shaidar zama ranar da za a nema. Kada kowa ya sayi takardar bogi, domin yin haka laifi ne, kuma yana ba masu son hana mu hujja. Wanda aka hana shi takarda ya nemi a rubuta masa dalili, ya kawo wa sakatariya, mu tattara mu bi ta hanyar doka. Mu kira maƙwabtanmu da sunan da suka zaɓa wa kansu: Atyap, Bajju, Ham, Nikyob, Fantswam, kuma mu hana yaranmu furta duk wata kalma ta ƙasƙanci a kan kowa. Mu halarci jana'izarsu da bukukuwansu, mu tsaya tare da su idan an kai wa ƙauyukansu hari, kuma duk wanda ya san mai ɓoye makami ko mai ba ɓarayin daji mafaka ya sanar da hukuma ko da ɗan ɗakinsu ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma mu da su babu mai wani gari da ya wuce wannan.

Allah Ya zaunar da Kafanchan da Kudancin Kaduna da Najeriya baki ɗaya lafiya, amin.